Matashi mai zane da zai koma Yamai ya auna unguwa da ƙafarsa kafin ya biya haya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato inda ya kamata matashi mai fasahar hannu ya kama ɗaki idan ya baro Tawa ko Maraɗi ko Damagaram ya zo Yamai neman na kansa. Ina nufin mai zane da fenti, da mai sassaƙa, da baduku, da mai ɗaukar hoto, da duk wanda sai an ga aikinsa da ido ake saya. Galibin waɗannan yara tambaya ɗaya suke yi wa dillali, ita ce ina haya ta fi araha, shi kuwa dillali sai ya nufi bakin gari da su, wajen Kwara Tegi ko Niamey 2000 ko bayan filin jirgin sama. A ganina tambayar ba ta cika ba, domin kuɗin da mutum yake biyan mai gida kashi ɗaya ne kawai na abin da zama a unguwa yake ci.

Wanda ya tashi a Tawa ya saba da garin da kabu-kabu ke kai shi ko'ina cikin 'yan mintoci, idan ma bai ga dama ba ya taka da ƙafa. Yamai ba haka take ba. Birni ne da ya bazu a gaɓa biyu na kogi, aka raba shi gundumomi biyar, kuma talakan da ba shi da babur ya dogara ne da taksi da faba-faba, wato ƙananan bas na haya. Taksin nan na haɗaka ne, direba yana ɗaukar wanda hanyarsa ta dace da ta sauran fasinjoji, idan tafiyar ta yi nisa ya ce sai ka biya kuɗin mutum biyu, idan kuma ya gan ka riƙe da allon zane mai faɗi ko ƙarafan da ka tsinto a kasuwa, ya ƙara wani abu a kai ko ya wuce abinsa. Mu ɗauka, don misali kawai, ɗaki a bakin gari ya fi na tsakiyar gari sauƙi da jika goma, wato sefa 10,000, a wata. Idan zuwa da dawowa na cin sefa 600 a rana, a kwana 25 an kashe jika goma sha biyar, ba a ma lissafa awannin da suka tafi a tsayuwar bakin kwalta ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000 tun daga farkon 2024, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle ga wanda ba shi da albashin ma, sai ranar da Allah ya kawo mai saye.

Saboda haka abin da ya kamata matashi ya fara tambayar kansa shi ne, ina zan sayi kayan aiki, ina zan nuna abin da na yi, ina kuma 'yan sana'ata suke zama? A Yamai amsar waɗannan tambayoyi ta taru a wuri kaɗan. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, yana da rumfunan masu sana'a inda maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suke aiki a gaban jama'a, kuma yaron da ya lizimci wurin da ladabi zai koyi abin da ba a koyarwa a aji, musamman yadda ake yanka wa aiki farashi. Daura da shi akwai cibiyar al'adun da a da ake kira ta Faransa da Nijar, wadda tun 2024 take ɗauke da sunan Mustafa Alasan, mai shirya fina-finai, mutumin da 'yan Tawa suka sani sarai domin a garinsu ya yi zamansa shekaru masu yawa. Daga nan zuwa Babbar Kasuwa tafiyar ƙafa ce, haka ma zuwa kasuwar Katako. Ta gabas kuma akwai ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, inda ake yin baje kolin SAFEM na mata masu sana'a, da cibiyar al'adu ta Umaru Ganda wadda ba ta da nisa da shi.

Katako ta cancanci a tsaya a kanta. Duk mai fasahar da aljihunsa ba shi da nauyi, can ne rumbunsa. A can ake samun katakon da za a haɗa firam, da langa-langa, da waya, da ƙusa, da gwangwanin fenti, da tsofaffin ƙarafan mota, a can kuma masu narka sanholo suke zuba tukwane a cikin ƙasa, aikin da mai sassaƙa zai amfana da kallonsa ƙwarai. Sayayya a irin wannan kasuwa ba ta yiwuwa da zuwa sau ɗaya a wata. Abin da kake nema yau babu shi, jibi ya zo, gata wani ya riga ka, kuma farashin da ake gaya wa baƙo daban yake da wanda ake gaya wa mutumin da ake gaisawa da shi kowace safiya. Wanda yake kwana a Bukoki, wadda take maƙwabtaka da kasuwar, yana iya leƙawa da sassafe ya dawo da kayansa a ka ko a amalanke, ya zauna aiki kafin rana ta take.

Wannan ne dalilin da ya sa nake ba matasa shawarar su fara neman ɗaki a tsofaffin unguwannin da ke kewaye da kasuwannin nan, irin su Bukoki da Liberte da Lakurusu da Zongo, ko kuma wajen Wadata ga wanda aikinsa ya fi karkata ga fata da saƙa da ado. Ba na cewa aljanna ce. Gidajen haɗaka ne, wasu na laka, bayan gida ɗaya ga ɗakuna da yawa, ga hayaniya, ga kwatoci da ke cika da damina, kuma samun ɗakin da ba kowa a cikinsa yana buƙatar haƙuri da sanin mutane, tunda shaguna da ɗakunan ajiyar kaya suna ta cinye gidajen kwana a kusa da kasuwa. Amma akwai mai shayi da mai tuwo a ƙofar gida, akwai Hausa a bakin kusan kowa ga wanda bai iya Zabarmanci ba tukuna, kuma ɗan Adar ba zai rasa 'yan garinsu a nan ba. Filato da Kwara Kano kuwa, inda ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyi suke, hayarsu ta fi ƙarfin mai farawa, ba sai an ɓata lokaci a kansu ba. Ko hujjar da ake kawowa a da, cewa can ne masu saye suke, ta yi rauni, domin tun 2023 Turawa da yawa sun bar ƙasar. Mai zanen yau ya fi samun abinci daga ɗan kasuwar da yake son a rubuta masa allon shago, da mai gidan abinci da yake son a ƙawata masa bango, da iyalin da suke son hoton mahaifinsu, waɗannan kuwa a cikin gari suke, kuma wanda suke gani kullum shi suke ba aiki.

Akwai masu cewa a tsallaka kogi zuwa Harobanda, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Jami'ar Abdu Mumuni tana can, saboda haka masu gidaje sun saba da ba samari haya, abinci yana da sauƙi, akwai kuma ɗalibai da za a yi hira da su a kan abin da ya wuce cinikin yau. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ba ta kai kilomita ɗaya ba, kuma tana sauke mai tafiya kusa da gidan tarihi, don haka wanda ya samu ɗaki kusa da bakinta bai yi nisa da komai ba. Matsalar ita ce ruwa. A damina ta 2020 kogi ya cika fiye da yadda aka taɓa aunawa a Yamai, madatsun da ke kare unguwanni suka karye, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, ya kuma taɓa Saga a wannan gaɓar. Tela yana iya ɗaukar kekensa ya gudu, amma mai zanen da ya tara aikin shekara a takarda da ƙyalle ba shi da abin da zai ceta idan ruwa ya shigo da dare. Wanda zai kama ɗaki a can, ko a gangaren Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar gari, ya duba gindin bango ko akwai layin da ruwa ya bari, ya duba ko daɓen ɗakin ya fi titi tudu, ya kuma tambayi tsohuwar da ta daɗe a layin, domin dillali ba zai faɗa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma ɗakin da hayarsa ta faɗi ƙasa da ta maƙwabtansa yawanci akwai dalili.

Tafiyar ƙafa ma sai an gwada ta a lokacin da ya dace. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, kuma nisan da mutum ya taka cikin nishaɗi da sanyin Disamba yana iya gagararsa a bazara. Kafin a biya kuɗi, a taka daga ƙofar gidan zuwa kasuwa da hantsi, a lura ko akwai inuwar dogon yaro a hanya, ko yashin layin mai nutsar da ƙafa ne, ko akwai babban titin da tsallaka shi da kaya a hannu kasada ce. A sake takawa bayan isha'i, domin taron nuna zane da wasannin dandali da dare ake tashi daga gare su, a ga ko akwai haske, ko akwai fadar samari da masu tebur da ke sa layi ya kasance da rai.

Shi kansa ɗakin, mai zane ya fi kowa buƙatar taga mai shigo da haske, tunda ɗaukewar wuta a lokacin zafi ba baƙon abu ba ne, kuma launi ba ya fita daidai a hasken fitilar hannu. Ya tambaya ko akwai famfo a gidan ko sai an saya wurin 'yan garuwa, ya tambayi yadda ake raba kuɗin wuta idan mita ɗaya ce ga gida duka, domin nan ne rigimar gidan haya take farawa. Ya nemi a rubuta a takarda watanni nawa ya biya gaba da abin da ya ajiye na jingina, a gaban shaida, ya kuma ware ladan dillali a lissafinsa tun farko. Abu ɗaya da matasa ke jin nauyin faɗa shi ne irin aikin da suke yi. Akwai mai gidan da ba ya son a zana surar mutum ko dabba a gidansa, akwai wanda warin fenti ko ƙarar guduma zai dame shi, kuma haƙƙinsa ne ya sani. Gara a gaya masa gaskiya ran farko, ya yarda ko ya ƙi, da a kwashe kaya bayan wata biyu an riga an biya na gaba.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar birnin Yamai da ma'aikatar da ke kula da al'adu su dubi hanyoyin da suka haɗa gidan tarihi da Katako da Babbar Kasuwa da Wadata. Gefen titin da aka yi domin masu tafiya a ƙasa, a wurare da yawa tebura da babura da motocin da aka ajiye sun mamaye shi, har mutum ya koma raba kwalta da taksi. Gyara wannan, da dasa itatuwa, da ware wasu 'yan ɗakunan aiki masu sauƙin haya a cibiyoyin al'adu ga matasan da suka zo daga jihohi, ba zai ci kuɗin da gina gada yake ci ba. Ina kuma roƙon jaridarka ta tura wakili ya zagaya unguwannin da na ambata, ya tambayi masu gidaje da 'yan haya farashin ɗaki a yau, a buga shi, domin yaron da ke shirin hawa mota daga Tawa ya san abin da zai tarar kafin ya iso tasha.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani malamin zane mai ritaya,
Bukoki, Yamai