Rahoton ayyukan ƙungiyar masu amfani da Gentoo Linux na shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. Ga rahoton bana, na san ya makara, amma ni kaɗai na haɗa shi kuma ni ne dai nake bin kuɗin wata, to a yi haƙuri.

Tarukan wata-wata an yi su kamar yadda aka saba, wasu a zahiri wasu ta intanet.

Abin da ya fi faranta min rai bana shi ne zaman gyaran injina, wato kwamfutocinmu, da muka yi bayan tsakiyar shekara, kuma zan ɗan tsaya a kansa don waɗanda ba su zo ba su san abin da ya wuce su. Kun san bana Gentoo, nau'in Linux ɗin da muke amfani da shi, ta kawo manyan canje-canje guda biyu kusa da juna, a watan Maris aka fitar da sababbin furofayil na 23.0, wato saitin tushe da injin yake bi, sannan daga 1 ga Yuni Python 3.12 ta zama ita ce wadda Gentoo ke zaɓa da kanta. Duk wanda ya bar injinsa wata da watanni bai sabunta ba, da ya buga emerge -uDN @world, umarnin sabunta manhajojin injin, sai allo ya cika da jan rubutu, wannan ƙunshin manhaja yana neman tsohuwar siga wancan yana neman sabuwa, duk a gurbi ɗaya da siga ɗaya kawai yake ɗauka, Portage, mai kula da girka manhajoji a Gentoo, ya ce shi kam ba zai iya raba gardamar ba. Mutane da yawa a guruf har sun fara maganar goge komai su sake girkawa daga farko. Shi ya sa muka ce kowa ya ɗauko laftof ɗinsa a zauna.

Wallahi zaman ya yi albarka. Abu na farko da muka tilasta wa kowa shi ne eselect news read, umarnin karanta sanarwar Gentoo, domin rabin abin da ake kuka da shi an riga an rubuta maganinsa a cikin sanarwar, mutane ne ba sa karantawa. Bayan haka sai aka sabunta Portage shi kaɗai da emerge -1 portage, sannan aka buɗe fayil ɗin world na kowa, wato jerin manhajojin da mutum ya zaɓa ya girka. Nan ne muka ga asalin ciwon. Injina da dama mun tarar an cusa laburare a ciki, an girka su da hannu ba tare da --oneshot ba, zaɓin da ke hana a rubuta su a world, wasu ma an ɗaure su da takamaiman siga tun shekarun baya, shi kuma Portage duk abin da ke cikin world ɗauka yake kai ne ka ce kana so, ba zai sake shi ba. Haka fayilolin saiti na package.use da package.accept_keywords, layukan da aka saka don wata matsala ta da can, matsalar ta wuce layin ya zauna yana hana ruwa gudu. Da aka share waɗannan, rikici da yawa ya warware ba a ma kai ga ƙara --backtrack ba, wanda ke sa Portage ya ƙara laluben mafita.

Na Python mun bi hanyar da sanarwar ta ce ta fi aminci, a kunna 3.11 da 3.12 tare a PYTHON_TARGETS, saitin da ke zaɓar sigar Python, a gina, sannan a janye tsohuwar a sake ginawa. Tana cin lokaci amma ba wanda injinsa ya tsaya a tsakiya. Wani ƙaninmu da ya shigo ƙungiya bana ya faɗa cikin zagayen nan na laburaren rubutu freetype da harfbuzz, kowanne yana jiran ɗaya a fara gina shi, kuma shi da kansa ya karanta saƙon ya kashe tutar USE ta harfbuzz a kan freetype na ɗan lokaci (tutocin USE su ne ake kunna ko kashe wani fasali na ƙunshi da su), ya gina, ya mayar da ita. Gaskiya na ji daɗin ganin haka fiye da komai a ranar. Masu sauya furofayil kuwa mun hana su taɓa shi sai injin ya sabuntu tsaf, daga nan binutils, gcc, glibc a jere, sannan a sake gina komai da --emptytree. Wannan na ƙarshen gida kowa ya kai ya bari ya kwana yana gini. Muna godiya ga dattawan ƙungiya da suka zauna har dare suna bin bayanin rikicin da --verbose-conflicts ke nunawa layi-layi tare da sababbi, Allah Ya saka da alheri.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi. Sabar (server) da muka yi alkawarin kafawa don ajiye ƙunshin da aka riga aka gina, wadda masu ƙananan injina za su riƙa saukewa daga gare ta maimakon su kwana suna jiran ginin manyan ƙunshi irin su qtwebengine ko llvm, ba ta tashi ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, ba haka ba ne. Aikin yana buƙatar ƙarin RAM da faifan ajiya, ƙa'idar da aka sani ita ce kusan 2GB ga kowane aikin gini da ke tafiya lokaci guda, injin da muke da shi bai kai ba, kuma kuɗin saye daga kuɗin wata zai fito, kuɗin watan kuma bai shigo ba. Waɗanda suka biya cikakke ba su taka kara sun karya ba, su ne dai fuskokin da kuka sani duk shekara. Na tura saƙo a guruf, na bi mutane ɗaya-ɗaya, wasu sun karanta ba amsa, wasu sun ce ƙarshen wata, watanni sun shuɗe. Ba zan ci bashi da sunan ƙungiya ba tunda ba wanda ya ba ni wannan izinin.

Wasu kuma sun ce ai tun Disamba 2023 Gentoo da kanta take raba ginannun ƙunshi, me za mu yi da tamu. Eh tana rabawa, kuma mun nuna yadda ake sauke su da --getbinpkg a zaman. Amma in tutocin USE ɗinka ba su dace da nasu ba injinka ne zai yi ginin, kuma yawancinmu mun canza tutoci sosai. Saboda haka ni ina ganin buƙatar tana nan.

Jagoran warware rikicin ƙunshi da Hausa ma ya tsaya rabi. Babin gurbi da na tutocin USE sun kammala, na Perl da na Qt ba a fara ba, waɗanda suka ɗauki nauyinsu tun farkon shekara ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Ba na son kama suna, sun san kansu.

Abin da ke ƙona min rai shi ne akwai membobin da ba a ganinsu a taro, ba sa biya, amma ranar da emerge ya ƙi tafiya sai hoton allo ya faɗo guruf tsakar dare ana neman agaji yanzu-yanzu, ba a ma haɗo bayanin saitin injin na emerge --info ba. Muna taimakawa kuma za mu ci gaba, amma masu amsawar nan su ma suna da aiki da iyali.

A babban taro mai zuwa za a yanke ko a ci gaba da aikin saba ko a ajiye shi, sannan a zaɓi wanda zai karɓi bin kuɗin wata, don ni na nemi a sauke ni daga wannan ɓangaren. Mai bashi dan Allah ya tuntuɓi ma'aji kafin ranar, littafin shiga da fita yana wurinsa ga duk mai son dubawa.

Sakataren ƙungiya