Taimakon Ɗalibin da Darasin Sinadarai Ya Gagara

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyayen da 'ya'yansu ke fama da kimiyyar sinadarai a manyan azuzuwan sakandare. Sau da yawa tushen matsalar lissafi ne, domin ɗalibin da bai ƙware a rabawa da kwatanta adadi ba, zai sha wuya idan aka zo kan mol, ma'aunin da ke ɗauke da ƙwayoyi kusan 6.022 × 10²³, wanda yawancin lissafin darasin ya dogara a kansa. Kafin a ɗauko malamin gida, a zauna da yaron a gano inda ya fara ɓacewa. A tambaye shi, misali, dalilin da ya sa mol ɗaya na ruwa yake da nauyin giram 18.

Haddar teburin sinadarai da masanin kimiyya Mendeleev ya tsara a 1869 kuwa, a ganina, wahalar banza ce matuƙar yaro bai gane cewa sinadaran sodiyam da fotasiyam suna kama da juna ba ne saboda ƙwayar zarra ta kowannensu tana da ilektiron ɗaya a zagayenta na waje.

Naka,
Wani mai karatu