Kulob ɗin boksin na unguwa zai rayu ne da kuɗin unguwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana a kan yadda za a raya ƙananan kulob-kulob na damben boksin da ke unguwanninmu. Ina cikin masu kula da irin wannan kulob a wata unguwa a Kano, inda muke horar da samari a farfajiyar wata makarantar firamare daga bayan la'asar zuwa goshin magariba, kuma abin da zan faɗa na koye shi ne daga wahalar da muka sha kafin mu tsaya da ƙafafunmu.

Dambe gadonmu ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da rundawa ke zagaya garuruwa bayan kaka suna karawa, har zuwa yau da 'yan Kudu da Arewa da Guramada ke cika gidajen dambe, ba mu taɓa rasa samari masu zuciya ba. Sai dai boksin, wanda ake yi da hannu biyu cikin safa bayan an auna nauyin kowa, shi ne ke kai yaro gasar Olamfik, kuma a nan ne aka bar mu a baya. Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger ya biyo shi a 1962, Nojim Maiyegun kuma ya ciyo wa Najeriya lambarta ta farko ta Olamfik a Tokiyo a 1964, amma dukkansu daga kudancin ƙasar nan suka fito. Maƙwabtanmu na Nijar ma da boksin suka fara, domin tagullar da Issaka Dabore ya samo a Munik a 1972 ita ce lambarsu ta farko. Duk wanda ya san Bukom, unguwar masunta da ke birnin Akara na ƙasar Gana, wadda ta fitar da David Kotei da Azumah Nelson da Ike Quartey, ya san cewa a ƙananan wuraren horo na cikin lungu ake ƙera zakaru, kuma irinsu ne muke bari suna mutuwa a nan.

Babban kuskuren da muka fara yi shi ne jiran ɗan siyasa. A wata kakar zaɓe wani ɗan takara ya kawo mana riguna masu ɗauke da hotonsa, ya yi alkawarin saya mana dandalin dambe mai igiya, muka yi ta murna, amma ana gama zaɓe ko wayarmu bai ƙara ɗagawa ba, yara kuma da dama suka watse saboda mun gina musu buri a kan abin da ba ya hannunmu. Daga nan muka fahimci cewa ɗan abin da ke shigowa kowane wata ba fashi ya fi babbar kyautar da ake jira shekara da shekaru. Muka sa wa manyan da ke da sana'a kuɗin wata daidai ƙarfinsu, kamar yadda ake zubin adashe, yaron da iyayensa ba su da hali kuwa muka yafe masa, shi kuma yana biya da shara da ɗebo ruwa da adana kaya. Da muka shiga kasuwa ba mu roƙi kuɗi ba, abin da mutum yake sayarwa muka roƙa. Mai gidan burodi yana ba mu burodi ranar Asabar, mai ruwan leda yana aiko mana da jaka biyu, mai walda ya haɗa mana ƙarfen rataye buhun naushi, wani baduku kuma ya ɗinka buhunan da fata muka cika su da tsummoki da garin katako. Wannan ya sa ɗan kuɗin da muka tara ya tafi ga abin da ba a iya yi a gida, wato safar hannu da hular kare kai da robar kare haƙora, waɗanda ba na yarda yaro ya kara da wani ba tare da su ba.

Hanyar da ta fi kawo mana kuɗi ita ce ajin motsa jiki na manya bayan sallar asuba. Akwai 'yan kasuwa da ma'aikata masu fama da hawan jini ko ciwon suga waɗanda likita ya umarce su da motsa jiki, amma suna jin nauyin gudu a bakin titi, sai suka samu wuri a wajenmu suna tsallen igiya da naushin buhu ba tare da kowa ya taɓa jikinsu ba, suna biyan kuɗi da daɗin rai. Da yawansu su ne suka koma masu tsaya mana a wajen mai unguwa. Inda aka sami mace mai horarwa da wuri killatacce, ana iya buɗe wa mata irin wannan aji. Muna kuma shirya ƙaramar gasa a makon Sallah da kuɗin ƙofa kaɗan, muna ɗaukar bidiyo da waya muna sawa a Facebook, domin 'yan unguwa da ke Legas ko Saudiyya su gani su aiko da gudunmawa.

Duk wannan ba zai ɗore ba idan babu amana, kuma a nan ne na ga ƙungiyoyi da dama sun rushe. Wajibi ne kulob ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, ya buɗe asusun banki da sunansa wanda ba a cire ko kwabo sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, kuma kada mai horarwa ya zama ma'aji ko da shi ya kafa kulob ɗin. Mu a ƙarshen kowane wata muna karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, sa'an nan mu manna takardar a bango. Mai burodin da ya ga sunansa da adadin abin da ya bayar a rubuce ba ya jiran a sake roƙonsa.

Amanar iyaye ta fi ta kuɗi wuyar samu, domin a garin da aka sha fama da faɗan daba, uban da ya ji ana koya wa ɗansa naushi dole hankalinsa ya tashi, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka muka sa mai unguwa da limamin masallacinmu cikin kwamiti, muka kuma kafa doka cewa ɗalibi sai ya kawo sakamakon jarrabawarsa kowane zango, mai koyon sana'a sai ubangidansa ya shaide shi, wanda aka kama da ƙwaya ko faɗa a titi kuwa dakatar da shi ake yi har sai an zauna da iyayensa. Ba a karawa sai ma'aikacin jinya yana wurin, yaron da ya ji bugu a ka har ya ga jiri kuma ba ya komawa sai likita ya sallame shi. Wata uwa da ta fara zuwa da niyyar janye ɗanta, bayan ta zauna ta ga yadda ake yi, ita ce yanzu take dafa mana kunu ranar gasa.

Abin da muke nema daga hukumar wasanni ta jiha kaɗan ne: dandali guda mai kyau da kulob-kulob za su riƙa aro bi da bi, da kwas na alƙalan wasa da masu horarwa, da gasa tsakanin ƙananan hukumomi 44 na Kano, wadda daga cikinta za a zaɓi masu wakiltar jiha a bikin wasanni na ƙasa da ake yi tun 1973. A wajenku kuma, ya Edita, ina roƙon ku ware wa gasannin unguwanni ko da rabin shafi ne a wata, da sunayen yaran da suka yi nasara da nauyin da suka kara a kai, kuma muna gayyatar wakilinku zuwa gasarmu ta Sallah mai zuwa.

Wassalam.

Naku,
Mai horar da 'yan boksin,
Kano.