Ramin da Ke Kayar da Mu Kullum a Wasan Golf

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, musamman yadda ya shafe mu da muke buga shi don motsa jiki da sha'awa a nan birnin Kano. Ƙwallon ƙafa ta cinye kusan dukkan shafukan wasanni na jaridunmu, alhali kuwa kulob ɗin golf na Kano yana nan a kan titin Club Road tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma a yau 'yan kasuwa da ma'aikata da matasa suna ta shiga wasan ba tare da samun wani rubutu da harshensu da zai yi musu jagora ba.

Duk wanda ya ɗan jima yana wannan wasa ya san cewa a cikin ramuka 18 da ake zagayawa akwai guda ɗaya, wani lokaci biyu, da ya zame masa ƙarfen ƙafa. Mutum zai taho yana wasa lami lafiya, da zarar ya iso wannan rami sai hannu ya sandare, ƙwallo ta nufi kwari ko cikin bishiyoyi ko ta tsallake iyakar fili, ramin da aka ƙayyade wa bugu 4 ya ci masa 8 ko 9, kuma mako mai zuwa a sake maimaita haka a wuri guda. Abin lura shi ne, sau da yawa ramin da ke wahalar da wane ba shi ne ke wahalar da abokin wasansa ba, ko da kuwa ƙwarewarsu ɗaya ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa babban kaso na matsalar yana cikin kan ɗan wasa, domin ƙasa da bishiya da iska duk ɗaya suke ga kowa.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wanda ya taɓa zubar da ƙwallaye uku a kwari ɗaya, tun yana rami biyu kafin ya iso wurin zuciyarsa ta riga shi zuwa, kuma idan ya tsaya zai yi bugun farko abin da yake faɗa wa kansa shi ne kada ta tafi dama, kada ta faɗa kwari. Masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Amurka, Daniel Wegner, ya nuna a 1987 cewa idan aka hana mutum tunanin wani abu, tunanin abin ne zai riƙa dawo masa. A 1998 shi da abokan aikinsa suka gwada haka da sandar golf, suka umarci mutane su gangara ƙwallo zuwa wata alama amma kada su bari ta wuce, sai aka ga waɗanda aka ɗora wa hankalinsu wani aikin a lokacin sun fi zarce alamar. Dalilin shi ne, kafin ƙwaƙwalwa ta guje wa abu dole ta riƙa sa masa ido, sa idon kuwa shi ke jan hannu zuwa gare shi idan mutum ya gaji ko ya tsorata. Saboda haka ɗan wasa yana bukatar wurin da zai nufa, kamar wata bishiyar darbejiya a can nesa ko wani tudu a tsakiyar fili, ya cika idonsa da shi har ya gama bugu.

Wannan cuta ba ta bar gwanayen duniya ba, kuma labarinsu ya kamata ya sanyaya wa ƙananan 'yan wasa zuciya. Rami na 12 a filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka, inda ake gasar Masters, tsawonsa yadi 155 ne kacal, bugu 3 aka ƙayyade masa, sai dai akwai rafi a gabansa kuma iska tana juyawa a wurin. A 1980 Tom Weiskopf ya yi bugu 13 a kansa. A 2016 Jordan Spieth ya shiga ramuka tara na ƙarshe yana gaba da bugu 5, ya yi asarar bugu ɗaiɗai a rami na 10 da na 11, ya iso na 12 rai a ɓace, ya jefa ƙwallo biyu a ruwa, ya tashi da 7, kofin ya koma hannun Danny Willett na Ingila. Amma abin da ya fi zama darasi gare mu shi ne ranar ƙarshe ta gasar 2019. Francesco Molinari, wanda ke kan gaba, da Brooks Koepka da Ian Poulter da Tony Finau duk ƙwallonsu ta ƙare a wannan rafi. Tiger Woods kuwa ya ƙyale tutar da ke nuna bakin ramin, wadda aka kafa a ɓangaren dama mai haɗari, ya aika ƙwallonsa tsakiyar farfajiyar ramin, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ake gangara ƙwallo a kewayensa, nesa da tuta, ya gangara sau biyu, ya tashi da 3, daga ƙarshe ya lashe gasar da tazarar bugu ɗaya. Mutumin da ya fi kowa iya bugu a zamaninsa ya yarda ya zaɓi hanya mai sauƙi a gaban dubban 'yan kallo, mu kuwa muna jin nauyin yin haka a gaban abokai uku.

A nan ne nake ganin matsalarmu ta Kano take, kuma ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Kunya da gudun kada a ce wane ya ji tsoro su ne suke sa mutum ya zaro babbar sanda mai kai ƙwallo nesa a ramin da ya san ba ta taɓa yi masa rana ba. Abokan wasa suna tsaye, wani ya riga ya buga tasa ta yi nisa, wani yana zolaya cewa Alhaji ga mutumin naka an iso, to ina mutum zai iya ɗaukar ƙaramar sandar ƙarfe ya buga yadi 140 ya tsaya kafin kwari? Zolaya tana da daɗi tsakanin aminai, ni ma ba na ƙin ta, amma zolayar da ake yi wa mutum a bakin ramin da ke ba shi tsoro tunatar da shi ake yi abin da yake ƙoƙarin mantawa, kuma na ga sababbin shiga da irin wannan ta sa suka rataye jakarsu ba su sake dawowa ba.

Lissafin kuwa a fili yake ga duk wanda ya zauna ya yi shi. A ɗauki rami mai tsawon yadi 400 wanda aka ƙayyade wa bugu 4. Bugu uku na yadi 135 kowanne, waɗanda matsakaicin ɗan wasa zai iya yi da sandar da ya saba da ita, sun kai shi farfajiya, gangarawa biyu kuma su ba shi 5. Idan kuwa ya yi amfani da babbar sanda ƙwallo ta fita iyakar fili ko ta ɓace, doka ta ce ya ci tarar bugu ɗaya kuma ya koma inda ya buga, wato bugunsa na gaba shi ne na uku alhali bai matsa ko taku ɗaya ba, ga kuma zuciya ta riga ta dagule. Tun 2019 minti 3 kawai doka ta bayar don neman ƙwallon da ta ɓace. Wanda ya ƙara bugu ɗaya tak a kan ƙa'idar kowane rami, wato yawan bugun da aka ƙayyade masa, a filin da jimillarsa 72 ce zai tashi da 90, kuma da yawa daga cikinmu sun shekara suna neman wannan adadi ba su samu ba, saboda ramuka biyu ko uku da suke haɗiye musu bugu goma sha.

Tsarin wasan da kansa ya riga ya yi wa mai koyo afuwa. Kowane ɗan wasa yana da rangwamen bugu gwargwadon ƙarfinsa, kuma a katin da ake rubuta sakamako an jera ramukan daga 1 zuwa 18 gwargwadon wahalarsu domin a san inda rangwamen zai faɗa. Mai rangwame 18 yana da ƙarin bugu ɗaya a kowane rami, mai 36 yana da biyu, don haka ga mai rangwame 18, bugu 5 a rami mai 4 ita ce ƙa'idarsa, bai gaza da komai ba. Tsarin rangwame na bai ɗaya da duniya ta fara aiki da shi a 2020 ya ma sa iyaka ga abin da rami guda zai iya jawo wa mutum wajen lissafin rangwamensa, wato ƙa'idar ramin a ƙara 2 a kuma ƙara rangwamen da yake da shi a wurin. Tsarin maki na Stableford, inda ake ba da maki a kowane rami maimakon tara jimillar bugu, wanda aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932, shi ma an gina shi ne don kada rami ɗaya ya lalata wa mutum yininsa. Abin takaici, lambar da aka rubuta a allon rami ita muke kallo, muna auna kanmu da ma'aunin gwanaye. Ko gwanayen ma wannan lamba tana wasa da hankalinsu, domin a 2011 masana tattalin arziki biyu, Devin Pope da Maurice Schweitzer, sun bi diddigin gangarawa sama da miliyan 2.5 a gasannin ƙwararru, suka gano cewa daga tazara iri ɗaya 'yan wasa sun fi saka ƙwallo idan suna gudun wuce ƙa'ida fiye da idan suna neman yin ƙasa da ita.

Akwai kuma abin da yanayin garinmu yake ƙarawa, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba za su gaya mana ba. Da hunturu ƙasa tana bushewa ta yi tauri, ƙwallo ta riƙa gudu bayan ta sauka, iskar arewa maso gabas tana kaɗa ta, hazo kuma yana sa ido ya kasa ƙiyasta nisa. Da damina ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta yi tsawo, ƙwallo ta tsaya kusan inda ta faɗi. Sandar da ta tsayar da mutum kafin kwari a watan Agusta tana iya gangara da shi cikinsa a watan Janairu, amma sai ka ga mutum yana riƙe da sanda ɗaya a wannan rami shekara ta zagayo. Haka nan wanda ya fara wasa bayan La'asar yana isa ramukan ƙarshe ne cikin gaggawa don kada Magariba ta riske shi, ga ƙishirwa da gajiya idan lokacin bazara ne, sai ya ɗora wa ramin laifin da na jikinsa ne da na agogo.

Mutanen da suka fi kowa sanin waɗannan abubuwa su ne yaran da ke ɗaukar mana jaka. Suna taka filin kusan kullum, sun ga inda ƙwallon kowa ke zuwa, sun san wace sanda ce ke cutar wane a wane rami, wasunsu ma sun fi iyayen gidan nasu iya bugu nesa ba kusa ba. Sai dai yaro ba zai iya cewa da babban mutum ranka ya daɗe, wannan sandar ba taka ba ce a nan, sai in an ba shi fuska, mu kuwa ba mu cika bayarwa ba. Doka ta yarda ɗan wasa ya nemi shawarar mai ɗaukar jakarsa, kuma manyan gwanaye ba sa bugu sai sun yi shawara da nasu. Ina ganin babu wata asara ta mutunci idan dattijo ya juya ya tambayi yaronsa, ya kuma bi abin da ya ce.

Wani abin da ke mayar da bugu 6 ya zama 9 shi ne yunƙurin rama asara nan take. A gasar Open ta 1999 a filin Carnoustie na Sikotilan, Jean van de Velde ɗan Faransa ya iso rami na 18 yana gaba da bugu 3, ko 6 ya yi a wannan rami mai 4 kofi nasa ne. Ya zaro babbar sanda ƙwallo ta karkace, maimakon ya dawo da ita tsakiyar fili sai ya nemi farfajiya daga nesa, ta bugi wurin zaman 'yan kallo ta koma cikin doguwar ciyawa, daga nan ta faɗa rafi, ya ƙare da 7, Paul Lawrie ya ɗauki kofin a wasan raba gardama. Idan ƙwallo ta shige ƙarƙashin bishiya, a fito da ita gefe ko a karɓi tarar bugu ɗaya da doka ta tanada, a ci gaba. Shi ma Tiger Woods ɗin da ya tsallake rami na 12 na Augusta lafiya a 2019, a shekarar da ta biyo ya yi bugu 10 a kansa, amma a biyar daga cikin ramuka shida da suka rage ya yi ƙasa da ƙa'ida, abin da ba zai yiwu ba ga wanda ya tafi da ɓacin ran a zuciyarsa.

Roƙona ga masu koyar da wasan a Kano da Kaduna da Jos da Abuja shi ne su daina tsayawa a filin atisaye kaɗai suna gyaran riƙo da tsayuwa, su riƙa zagayawa da ɗalibansu har zuwa ramin da ke damunsu, a buga shi da yamma lokacin da babu gasa, da sanduna daban-daban, har ɗalibi ya tara a ransa lokutan da ya wuce wurin lafiya. Shugabannin kulob kuma su yawaita gasar maki ga sababbin shiga, su bar mai koyo ya fara bugu daga matsayar gaba wadda ta fi kusa da rami ba tare da an yi masa dariya ba. Ita kuma wannan jarida, ina fata ta ware wa wasan ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, ta riƙa zantawa da masu koyarwa da masu ɗaukar jaka da Hausa.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku daga unguwar Nasarawa, Kano.