Roƙon Tallafi Domin Yaran da Ke Zuwa Aji Kullum Amma Karatu Yana Wuce Su

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga kwamitin kula da makarantarmu ta firamare, zuwa ga iyaye, tsofaffin ɗalibai, da duk mai kishin ilimin yara.

Mun miƙo ƙoƙon bararmu ne saboda wasu yara da sunayensu ke cikin rajista, ana kiran suna suna amsawa, ana ɗaga su daga aji zuwa aji, amma har yau ba su iya karatu ba. A farkon wannan zango shugabar makaranta ta ce ba za ta ƙara dogaro da makin jarrabawa kaɗai ba. Ta sa malamai suka zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa wa kowa takarda mai matakai huɗu: haruffa, kalmomi, sakin layi, sai gajeren labari. Abin da ya fito ya sanyaya mana jiki. Akwai ɗan aji biyar da ke rera shafi guda da ka, ba gargada, muryarsa ma ta fi ta kowa a aji. Da malama ta rufe hoton da tafin hannu, ta ɗora yatsa kan kalma ɗaya a tsakiyar shafin, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Akwai yarinyar da aka daɗe ana ce mata mai wasa, ashe allon ne ba ta gani daga bencin baya. Tana kwafa ne daga littafin ƙawarta, har da kurakuran ƙawar.

Matsalar ba ta makarantarmu ba ce kaɗai. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suna kai shekara 10 ba sa iya karanta labari mai sauƙi su fahimta. Bayan rufe makarantu saboda korona, ƙiyasin 2022 ya haura zuwa wajen kashi 70. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san su waye suka fi yawa a ciki: 'ya'yan marasa hali, marayu, masu larurar gani ko ji ko tafiya, da yaran da harshen gidansu ya bambanta da na aji.

A nan ne shugabanci yake nuna kansa. Rahoton UNESCO na 2024 kan ilimi a duniya ya mayar da hankali ne kan shugabanci a harkar ilimi, ya kuma koka da yadda aikin takardu ke cinye wa shugabannin makarantu lokacin da ya kamata su ba koyarwa. Mu Allah ya ba mu shugabar da ke barin ofis ta shiga aji, ta zauna a bencin ƙarshe ta ga abin da yaron wurin yake gani. Ita ta fara juya tsarin zama duk mako don kada wani ya dawwama a baya. Ita ta kai gogaggun malamanta aji ɗaya da aji biyu, alhali an saba ajiye su ga masu fita. Ba kowa ya ji daɗin wannan mataki ba, amma kwamiti ya mara mata baya, domin yaron da tushensa ya lalace a aji biyu da wuya aji shida ya gyara shi. Duk abin da ba ya cin kuɗi ta riga ta yi. Abin da ya rage ya fi ƙarfinta, ya fi ƙarfinmu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban abin da muke nema wa tallafi shi ne darasin cike giɓi na awa ɗaya a kullum. A wannan awa ba a duba ajin yaro ko shekarunsa, matakin karatunsa ake dubawa. Masu haruffa su zauna tare, masu kalmomi tare, masu labari tare, kuma duk wanda ya ƙware a matsar da shi gaba nan take. Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ɓullo da ita, masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suka gwada ta a makarantu suka ga tana aiki, ƙasar Zambiya ma ta shigar da ita makarantun gwamnati. Kayan aikinta ba su da tsada: katunan haruffa, ƙananan littattafai masu hawa-hawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, alli da takardu. Sai ɗan ihisani ga malaman da za su ƙara lokaci, don ba adalci ba ne a ɗora musu aiki a bar su da godiyar baki.

Na biyu, muna so a kawo ma'aikacin lafiya ya gwada idanu da kunnuwan dukkan yara, a saya wa masu buƙata tabarau. Muna kuma so a yi gangara a ƙofar azuzuwa da banɗaki, saboda ɗalibinmu mai keken guragu wanda sai abokansa sun ɗaga shi yake shiga aji. Tun 1994 gwamnatoci 92 suka amince a Salamanka ta ƙasar Sifen cewa yaro mai larura ya yi karatu tare da sauran yara a makaranta ɗaya. Matakala uku kacal ta isa ta rushe wannan alkawari. Banɗakin 'yan mata ma yana buƙatar ƙofa mai sakata da ruwa, iyaye mata sun san dalili.

Sai ƙaramin asusu na kayan makaranta da littafin rubutu da fensir ga yaran da rashinsu ke zaunar da su a gida. Wannan a asirce za a riƙa bayarwa. Ba za a tara yara a fili a kira suna ba, ba za a ɗauki hoton kowa ba.

Mun san wasu za su ce ai wannan nauyin hukuma ne. Gaskiya ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗora wa gwamnatoci samar da ilimin firamare kyauta kuma dole, kuma ba mu daina rubuta wasiƙu da bin sawu ba. Sai dai ɗan aji biyar shekara guda ta rage masa a hannunmu. Wasu iyayen kuma suna tsoron a tauye masu hazaƙa. Ku kwantar da hankalinku: a wannan awa masu ƙoƙari su ma suna da nasu rukuni da littattafan da suka fi na ajinsu zurfi, kuma malami ya fi sauri idan rabin ajinsa ba a baya yake ba.

Ana karɓar gudummawa a ofishin shugabar makaranta ko hannun ma'ajin kwamiti, kowane lokaci makaranta take buɗe. Kada wanda ya bayar ya tafi ba rasit, komai ƙanƙantar abin. Ba za a fitar da kuɗi ba sai da sa hannun mutum biyu. Wanda ba shi da kuɗi, muna karɓar littattafan yara, siminti, katako, ko aikin hannu daga magina da kafintoci. Malaman da suka yi ritaya da matasan da suka gama karatu, awa ɗaya a mako daga gare ku babbar gudummawa ce.

A ƙarshen zango za a sake gwada yaran da irin takardar farko. Za mu karanta sakamakon a taron iyaye da malamai, tare da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma liƙa shi a allon sanarwa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya shirya mana zuriya.

Kwamitin Kula da Makaranta