Rahoton Ayyukan Shekara: Takarda, Shafe da Ingancin Ɗab'i

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda babban taro ya ɗora mana, ga bayanin abin da kwamitin fasaha ya gudanar a bana. Aikin ya kasu uku: bitar horarwa, binciken samfuran da membobi suka aiko da ƙorafi a kansu, da ɗan littafin jagora da muka ɗauki alkawarinsa. Na biyun ne ya fi cin lokaci, kuma shi ya tabbatar mana da abin da muka daɗe muna zato. Galibin aikin da ya ɓaci aka zargi tawada ko inji, in aka bi diddigi sai a tarar daga takarda ne, ko dai danshinta ko shafenta, wato farin haɗin da ake shafa wa fuskarta don ta yi santsi.

Bitar farko a kan haɗa takarda aka yi ta, domin da yawa cikin masu ɗab'i ba su taɓa ganin yadda ake yin abin da suke bugawa kullum ba. Kunun takarda yana zuba a kan rariyar inji ne tsararo, zaren itacen da ke ciki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A ƙarshen rariya kaurinsa ya kai kusan kashi 20, rolar matsa ta kai shi 40 zuwa 50, sannan gangunan tururi su busar da shi har danshi ya sauko wajen kashi 5 ko 6. Tsarin injin tsoho ne, tun na Louis-Nicolas Robert da ya yi wa rajista a Faransa a 1799. Abin da muka fi so a riƙe shi ne, gudun rariya yana kwantar da yawancin zaruruwa su fuskanci inda injin ya nufa. Wannan kwanciyar zare tana bin takarda har ranar da za ta yage.

Daga nan batun danshi ya taso, kuma mun daɗe a kansa. Zaren itace in ya sha laima kauri yake ƙarawa, tsawonsa kuwa da ƙyar yake motsi, saboda haka takarda ta fi buɗewa ta gefe fiye da ta tsawon zare. Shi ya sa a injin ofset (injin da ke ɗaukar tawada daga faranti zuwa bargon roba, daga nan zuwa takarda) mai cin falle-falle ake so zare ya kwanta daidai da tsawon ganga, a littafi kuma ya bi gindin ɗinki. Littafin da aka buga da zare a gicciye ba ya buɗuwa da daɗi, kuma shafukansa sukan yi kwarkwaɗa kusa da gam. Gwajin ba wuya: a yanki ƙyalle biyu daga falle ɗaya, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a riƙe su ta ƙarshe. Wanda ya fi tsayuwa ƙyam shi ne ya bi zare.

Samfura da dama sun zo mana da launuka da ba su hau kan juna ba a gefen baya na falle. Idan iskar ɗakin ɗab'i ta fi takarda laima, gefunan tarin ne ke fara sha, su yi lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Idan iskar ta fi bushewa, gefunan su tsuke, tsakiya ya yi tozo. Kowanne daga ciki yana kawo tattarewa ko gocewar launi, kuma duk juya sukurun da mai inji zai yi ba zai gyara ba. Ma'aunin ISO 187 na gwajin takarda yana amfani da zafi digiri 23 da laimar iska kashi 50, kuma kusa da haka ake so ɗakin ɗab'i ya kasance. Shawararmu ita ce a bar takarda cikin naɗinta kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kafin a kwance, manyan tari su fi haka, kada a ajiye ta kan siminti ko jikin bango, kuma a sake rufe ta da leda tsakanin bugun fuska ta farko da ta biyu. Wannan na ƙarshen ne aka fi yi wa sakaci.

Bita ta biyu ta shafe ce. Ruwan shafe haɗi ne na farar ƙasa da garin alli, wato kalsiyam kabonet, da manne, galibi ruwan roba da sitaci. Lissafinsa da kashi ake yi: a kan kowane kashi 100 na gari, manne yakan kama 10 zuwa 12 a takardar ofset, kuma kaurin haɗin yana kaiwa kashi 60 zuwa 70. Ana shafa shi fiye da kima, sai wata siririyar wuƙar ƙarfe ta kankare rarar. Ƙwayar tsakuwa guda in ta maƙale a bakin wuƙar nan, za ta ja layi tsawon naɗin gaba ɗaya, kuma layin a ɗab'i zai fito. Farar ƙasa falle-falle take, tana ba da santsi da sheƙi bayan guga. Alli ya fi fari, ya fi barin ƙananan ramuka da tawada ke shiga ta kama da wuri.

Mannen ne wurin da ake samun matsala ta fuska biyu. In ya yi kaɗan, danƙon tawada yana fizgo ɓarɓashin shafe, sai a ga fararen ɗigo cikin launi mai duhu da tarin gari a kan bargon roba. In ya yi yawa, ko ya taso sama lokacin busarwa mai zafi, fuskar takarda ta toshe wuri-wuri, tawada ta shiga nan ta ƙi shiga can, bugun ya fito dabbare-dabbare. Mun nuna yadda ake bambance su da datti: a ɗago ɗigon daga bargo da salatif, a duba da gilashin ƙara girma. Ɓarɓashin shafe fari ne kuma yana barin rami a takarda. Busasshiyar tawada kuwa tana barin baƙin tsakiya da farin zobe kewaye.

Akwai wani abu da ya ba membobi da yawa mamaki. Ruwan jiƙa faranti mai ɗan tsami ne, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami da ke hawa in tsami ya ragu, tsakanin 4.8 da 5.5, alli kuma yana narkewa cikin tsami. A dogon aiki kan takarda mai yawan alli, kalsiyam yana taruwa cikin ruwan, pH ya hau, rola ta yi ƙyalli ta ƙi ɗaukar tawada. Ƙara sinadari da ka ba magani ba ne, don tsamin da ya wuce kima yana hana tawada bushewa. A auna, a rubuta, a sauya ruwan, a wanke rola da mai cire kalsiyam.

Kowane samfurin da ya shigo mun auna nauyinsa da shan ruwansa. Fallen A4 na giram 80 ya kamata ya yi kusan giram 5, tunda 16 daga cikinsa ne ke cika murabba'in mita. Gwajin Cobb na shan ruwa kuma kowa zai iya koya: a auna takarda, a ɗaure ta ƙarƙashin zobe mai faɗin murabba'in santimita 100, a zuba ruwa mililita 100, a zubar a daƙiƙa ta 45, a tsane da takardar tsotsa a ta 60, a bi da rola mai kilo 10, a sake aunawa. Ƙarin nauyin sau 100 shi ne ruwan da murabba'in mita ke sha.

Game da kumburin ɗigo, wato yadda ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto ke ƙara girma a kan takarda, mun ga masu fitar da faranti iri ɗaya ga kowace takarda. Ma'aunin ISO 12647-2 na 2013 ya sa ran ɗigon kashi 50 zai ƙaru da 16 a takarda mai kyakkyawan shafe, da 22 a marar shafe, don haka hoton da aka shirya wa ta farko zai yi duhu a ta biyu. A kuma duba launi ƙarƙashin fitilar D50, mai kwaikwayon hasken rana, domin sinadarin ƙara fari da ke cikin takarda yana sauya kama gwargwadon hasken da ya same shi.

Littafin jagora bai kammala ba, kuma laifin namu ne. Babin danshi da na shafe sun shirya, na takardar da aka sake sarrafawa da na ɗab'in feshin tawada suna jiran gwaji, su ne aikin farko a baɗi. Mai aiko da samfuri ya haɗo fallen da aka buga, da fallaye masu yawa da ba a buga ba daga tari ɗaya, a naɗe cikin leda, tare da tambarin jikin rim, wato ƙunshin takarda, mai lambar naɗi. Ba tare da lambar nan ba, masana'anta ba ta iya gano daga wane naɗi takardar ta fito.