Amsa ga Baba Alhaji: Shin tallafin karatu sai mai uwa a gindin murhu?

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

A taron ƙungiyar ci gaban garinmu na bayan Babbar Sallah ka miƙe a gaban jama'a ka kira sunana, ka ce: "Kai da ka yi karatu a waje da kuɗin tallafi, faɗa mana gaskiya. Abin nan sai mai uwa a gindin murhu ne, ko ɗan talaka ma yana samu? In yana samu, me ya sa shekara da shekaru ba mu ga namu sun samu ba?" Kiran magariba ya katse mu kafin in ba ka amsar kirki. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace kowa ya ji amsar.

Ba zan ce maka babu alfarma ba. Akwai ta, musamman a duk tallafin da jerin sunayensa ke bi ta hannun 'yan siyasa kafin ya fito. Kuma ko wanda ya samu da guminsa ba lallai ya tsira daga kuka ba. Ka ji labarin yaran da gwamnatin tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungari a ƙarƙashin yarjejeniyar BEA, ta tallafin karatu tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe: a 2024 aka zaftare musu alawus na wata daga dala 500 zuwa 220, a Afrilun 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shirin. Saboda haka zarginka yana da tushe.

Sai dai Baba, abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina zama da yaranmu muna cike fom ya fi alfarma yi mini ciwo. Yawancinsu takardunsu ba sa ma isa teburin masu tantancewa, balle a kayar da su.

Bari in fara da suna, don shi ne ya fi cin mu. Yaro a firamare Muhammadu ne, a takardar WAEC ya zama Mohammed, a NIN Muhammad, a banki kuma an liƙa masa sunan garinsu a ƙarshe. Ranar haihuwa ma haka: wadda mai shagon kwamfuta ya ƙirƙira masa ranar rajistar jarrabawa daban, wadda ke takardar rantsuwar kotu daban. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Kwamfutar da ke tace dubban fom tana ganin mutum uku, sai ta ajiye shi gefe, babu wanda zai kira shi ya faɗa masa dalili. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma kusan duk wani tallafi na gwamnati da ita ake shiga. Akwai wata yarinya 'yar unguwarmu, mai ƙwazo ƙwarai, da harafi biyu a sunan mahaifinta suka jawo mata asarar shekara guda. Kafin a gama gyaran an rufe shafin. Na ga mahaifiyarta tana cewa an yi musu rashin adalci, na rasa ta inda zan fara yi mata bayani.

Sai lokaci. Waɗannan ƙofofi suna da ranar buɗewa da ta rufewa, ba sa jiran kowa. Tallafin gwamnatin Turkiyya daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu ake nema, kuma yana ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi da inshorar lafiya da alawus, har da shekara guda ta koyon Turkanci. Amma mai neman digiri na farko dole ya kasance ƙasa da shekara 21, na biyu ƙasa da 30, na uku ƙasa da 35. Yaron da ya zauna gida shekara huɗu bayan sakandare yana jiran hali, ƙofar ta wuce shi bai ma san da ita ba. Chevening ta gwamnatin Birtaniya a watan Agusta take buɗewa, digiri na biyu ne na shekara ɗaya, tana son wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, kuma da rubutun da mutum ya yi game da kansa da hirar da za a yi da shi ake auna shi. Wannan rubutu ba na daren ƙarshe ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. PTDF, hukumar gwamnatin tarayya ta bunƙasa fasahar man fetur, wadda aka kafa tun 1973, tana tura masu digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas, kuma takardar bautar ƙasa da ta shaidar ƙaramar hukuma na cikin abin da take nema. Ko tallafin mutum 1,001 da gwamnatin Kano ta dawo da shi a 2023 zuwa Indiya da Yuganda, masu daraja ta ɗaya aka nema, wanda ke nufin tun aji ɗaya na jami'a ake fara shirinsa.

Abu na uku shi ne wanda nake son ƙungiyarmu ta ji da kyau. Fom ɗin kyauta ne, amma hanyar zuwa gare shi tana cin kuɗi. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun Satumban 2025. Ga kuɗin fitar da cikakken sakamako daga jami'a, ga jarrabawar Turanci da wasu makarantu ke nema, ga kuɗin mota zuwa Abuja in an kira hira. Ni kaina da na samu, wani kawuna ne ya sayar da tunkiya ya biya mini irin waɗannan. Ba don shi ba, da ni ma yau ina cikin masu cewa sai da hanya. Ɗan mai hali sau da yawa a nan yake wuce ɗan talaka, tun kafin wani babba ya ɗaga masa waya.

Ka kuma taɓo NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na rancen ɗalibai, a wurin taron. Wannan bashi ne, Baba, kada iyaye su ɗauke shi kyauta. An sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafin a watan Mayu. Ba shi da kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar gwamnati, ɗalibi kuma ya samu naira 20,000 a wata in ya nema. Biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. A ganina, yaron da zai bar jami'a saboda kuɗin rajista gara ya karɓa da ya dawo gida, muddin shi da iyayensa sun san nauyi ne a wuyansa. Shi ma sai sunan da ke JAMB da NIN da BVN ya zo ɗaya.

Duk wanda kuma ya ce a tura masa kuɗi zai sa sunan yaro a jerin waɗanda za a ba, ɓarawo ne, ko wane ne shi.

Ga abin da nake roƙo. Kuɗin da muke tarawa kowace shekara ba zai kai yaro ko ɗaya Ingila ba, amma zai iya yi wa yara da dama fasfo da gyaran takardu da kuɗin mota. A ware wani kaso don wannan kaɗai, a rubuta wanda aka ba da abin da aka biya masa, a karanta a gaban taro, don kada mu ma mu zama masu alfarmar da muke kuka da ita. 'Yan mata su shiga ciki daidai da maza, kuma a nan muryarka muke buƙata, don iyayen da ba za su saurare ni ba za su saurare ka.

Ni kuma na ɗauki alkawarin Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan la'asar, a makarantar firamare ta gari. Duk yaron da ke aji biyar na sakandare zuwa sama ya zo da takardar haihuwa da NIN da sakamakon da yake da shi, mu jera su a kan tebur mu duba harafi bayan harafi. In ka amince, a sanar a masallaci ranar Juma'a mai zuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka.